Shin Halin Ɗan Adam Yana Da Rukuni Kamar Jini?

Duk ɗalibin da ya karanta darasin gado ya san bambancin da ke tsakanin mutane iri biyu ne. Akwai wanda ya rabu gida-gida, kamar rukunin jini: ko dai A, ko B, ko AB, ko O, babu tsaka-tsaki. Akwai kuma wanda yake hawa-hawa, kamar tsawo, inda dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai 'yan kaɗan ne, galibin jama'a kuwa suna tsakiya. To, hali fa, a wane gida ya faɗa?

Tambayar ba ta aji kaɗai ba ce. Kamfanoni da cibiyoyin horar da shugabanni a Amurka da Turai suna kashe maƙudan kuɗi wajen auna halin ma'aikata, kuma ma'aunin da ya fi shahara shi ne Myers-Briggs. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa ra'ayin likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung na ƙasar Suwizalan, wanda ya wallafa littafinsa kan ire-iren hali a 1921. Babu ɗayarsu da ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam.

Ma'aunin yakan jefa mutum ɓangare guda a kan abubuwa huɗu: mai son cuɗanya ne ko mai son kaɗaici, mai dogaro da abin da ya gani ko mai bin hasashe, mai yanke hukunci da hujja ko da tausayi, mai son tsari ko mai barin al'amura a buɗe. Biyu sau biyu har sau huɗu, rukuni 16 ke nan.

A nan gizo ke saƙar. Da masana suka auna ɗimbin mutane, sai suka tarar sakamakon ya bi tsarin tsawo, ba na jini ba, wato mafi yawa sun taru a tsakiya. Alal misali, a ce malami ya ja layi a santimita 165, ya kira mai 164 gajere, mai 166 dogo. Yara biyun nan kusan kansu ɗaya, amma an raba musu gida, an kuma haɗa na biyun da mai santimita 190. Shi ya sa amsa ɗaya ko biyu kan iya sauya wa mutum rukuni. Wasu nazarce-nazarce sun gano kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan mako biyar sun koma wani rukunin dabam. Jini kuwa ba ya yin haka.

Me ya sa mutane ke cewa sakamakon ya faɗi halinsu daidai? A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardun da ya ce bayanin halin kowannensu ne. Suka ba shi maki kimanin 4.3 cikin 5. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, akasarin jimlolinta daga littafin 'yan duba taurari ya tsinto su.

Yau masu bincike sun fi amincewa da ma'aunin halaye biyar, wanda ba ya raba rukuni, sai dai ya nuna matsayin mutum a kan kowanne: cuɗanya, riƙon aiki, sauƙin kai, son sabon abu, da saurin damuwa. Wannan na ƙarshe ma babu shi a Myers-Briggs. Nazarin tagwaye ya nuna gado ke da alhakin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a halayen nan, saboda haka karin maganar nan ta hali zanen dutse rabin gaskiya ce. A 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa, suka ga son cuɗanya ya fi sauran alaƙa da shugabanci, amma alaƙar matsakaiciya ce, ba ta hana mai kawaici iya riƙon jama'a.

Ga mai horarwa, gwajin yana da amfani wajen buɗe zance, ma'aikata su gane ba kowa ke tunani irin nasu ba. Amma ko kamfanin da ke sayar da shi ya gargaɗi masu amfani da shi kada su ɗauki ma'aikaci ko su ƙi shi bisa sakamakonsa.