Kafin ka ɗaura wa kwale-kwale babban inji

Daga Yawuri har Doron Baga, duk mai kwale-kwalen da ya ɗan samu kuɗi, hankalinsa kan tafi ga canza inji: a sauke mai doki 15 a ɗaura mai doki 40, don a riga kowa isa kasuwa, a kuma ƙara lodi. Shawarata ita ce ka fara duba gindin jirginka kafin ka duba aljihunka.

Injin Yamaha mai doki 15 bai cika kilo 40 ba, mai doki 40 kuwa ya kai wajen kilo 70. Ƙara tankin mai da kai kanka direba, duk a waje guda. Gindin jirgi zai nutse, goshinsa ya ɗaga, ka daina ganin abin da ke gabanka. A tafkin Kainji, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun kammala madatsar a 1968 suke nan a ɓoye, wannan kaɗai ya isa haɗari. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: in kana gudu ka sassauta mai farat ɗaya, igiyar ruwan da kai ka tayar za ta biyo ka ta faɗo ta baya. Katakon da aka ɗaura injin a kansa ma ba don wannan jijjiga aka yi shi ba. Ƙusoshi za su saki, ruwa ya fara tsiyaya.

Gudun da ake kwaɗayi ma ba lallai a samu ba. Jirgin katako mai lodi keta ruwa yake yi, ba ya tashi a kansa kamar ƙananan jiragen faiba, don haka yana da iyakar da ba ya wucewa. Bayan nan duk ƙarfin da ka ƙara, fetur kawai kake ƙonawa.

Ƙaramin inji ma yana da tasa illar. Da damina, in kogin Neja ya cika yana ja, ko iska ta taso a tsakiyar tafki, injin da ba zai iya juya goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa ba, zai bar ka a hannun ruwa.

Jiragen masana'anta sukan zo da ɗan allo a maƙale da ke nuna iyakar doki da nauyin da za su ɗauka. In naka yana da shi, kada ka haura. Namu na katako ba su da shi, sai ka koma wurin wanda ya ƙera, ka tambaye shi injin da ya yi wa gindin. Sannan ka ari irin injin ka gwada a ruwa mai kwanciya, da lodin da ka saba ɗauka, sanye da rigar ruwa. Jirgin ya zauna daidai? Gefensa na baya ya bar tazara mai kyau daga ruwa? Yana karkata in ka sha kwana? In sai ka tura buhuna gaba kafin goshi ya sauka, injin ya fi ƙarfinsa.

Ka auna tsawon ƙafar injin ma. Gajera inci 15 ce, doguwa inci 20. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. In ya yi sama farfela za ta riƙa shan iska, in ya yi ƙasa da yawa sai ja da cin mai, ga bugun kututture.

Igiyar kashe inji kuma a wuyan hannu ake ɗaura ta, ba a jikin inji ake naɗe ta ba.