Yadda ake gina sabon hanci da fatar goshi

Yaron da ciwon noma ya cinye wa hanci ba a gaggawar kai shi ɗakin tiyata. A Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, sai an ciyar da shi ya murmure, miki ya warke sarai, sannan a yi zancen wuƙa.

Hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki, guringuntsi, da fatar waje. Guringuntsin daga kunne ko haƙarƙarin yaron ake ɗebowa. Fatar kuwa goshi ke bayarwa, don launinsu ɗaya. Dabarar tsohuwa ce, daga Indiya ta fito, Turawan Ingila suka buga labarinta a 1794.

Likita kan yanko siffar hancin a takardar alminiyam da zaren ɗinki ke zuwa a ciki, ya ɗora a goshi, ya zana. Sai ya ɗaga fatar daga sama zuwa ƙasa, ya bar gindinta maƙale a bakin gira, inda jijiyar jinin da za ta ciyar da ita take. Ya juyo ta, ya ɗinke.

Juyin nan ne ke raba gwani da ɗan koyo. Gindin bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. In ya yi faɗi, sai ya murɗe ya shaƙe jijiya. In ya yi siriri, an yanke ta. Littattafan Turai suna cewa a danna fatar a ga ko ja ya dawo, amma a baƙar fata wa zai gani? Sai a tsikari gefenta da allura. Jini ja wur, alhamdu lillahi. In ya fito baƙi-baƙi, to jini na shiga ba ya fita, maza a kwance ɗinki ɗaya ko biyu. Ma'aikatan jinya ke wannan gadi cikin dare, kuma a ganina rabin nasarar tasu ce. Shi kansa likitan, bayan digiri sai ya ƙara wajen shekara shida yana koyo a gaban manya kafin a sakar masa wannan aiki.

Mako uku yaro zai yi da igiyar nama daga gira zuwa hanci. Iyaye kan tsorata, sai an yi ta lallashi: "Baba, ka yi haƙuri, ba haka zai zauna ba." Idan sabbin jijiyoyi sun kama, a koma a datse gindin, a daidaita gira. Gyaran ƙofofin hanci sai bayan wasu watanni.