Ruwa Abokin Aiki: Rawar da Yake Takawa a Haɗuwar Sinadarai

Gabatarwa

Tun ina yarinya na lura da wani abu a madafin mahaifiyata. Kanwa da tsamiya sukan kwana a kwando ɗaya a bushe, ba abin da ke faruwa. Amma da zarar kanwa ta faɗa cikin ruwan tsamiya, sai kumfa ta taso. To, me ruwa ya ƙara? Wannan ita ce tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa a wannan ɗan rubutu.

Ƙirar Ruwa

Ƙwayar ruwa mafi ƙanƙanta ta ƙunshi zarra uku: haidirojin biyu da oksijin ɗaya, wato H₂O. Zarrar nan a lanƙwashe suke, da kusurwa ta digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektoron, saboda haka cajin lantarkin ƙwayar ya rabu gida biyu. In na ari kalmomin nahawu, sai in ce gefen oksijin korau ne, gefen haidirojin kuwa tabbatau.

Ayyukan Ruwa

Na farko, ruwa yakan raba. Gishiri haɗin sodiyam ne mai caji tabbatau da kuloraid mai caji korau, sun riƙe juna gam. Idan ya shiga ruwa, gefen oksijin ya kewaye sodiyam, gefen haidirojin ya kewaye kuloraid. Ruwa yana rage ƙarfin jan da ke tsakaninsu kusan sau 80, sai kowa ya kama gabansa. Abin da muke kira narkewa ke nan.

Na biyu, ruwa ɗan aike ne. Asid ɗin tsamiya yakan saki haidirojin mai caji, ƙwayoyin ruwa su riƙa miƙa shi hannu da hannu har ya isa ga kabonet ɗin kanwa. Nan iskar kabon dayoksaid take fita. Ita ce kumfar da na gani.

Na uku, ruwa yakan shiga haɗin da kansa. Idan laima ta taɓa ƙwayar asfirin, ruwa yakan tsinka ta gida biyu, har a ji tana warin binega, ƙarfinta ya ragu. Shi ya sa ake cewa a ajiye magani a busasshen wuri.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mun ga cewa ruwa yana raba sinadarai, yana sada su, yana kuma sauya su. Ashe Bahaushe bai faɗi ba daidai ba da ya kira shi abokin aiki.