SANƘO DA MAGANIN SHAFAWA

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, ku karanta wannan, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Mene ne ke kawo sanƙo?

Sanƙo gado ne, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Ba hula ko rawani ke kawo shi ba, kuma ba ya yaɗuwa. Wani sinadari na jikin namiji ne ke ƙanƙantar da saiwar gashi sannu a hankali, har gashin goshi da na tsakar ka ya sirance, ya zube.

Akwai magani?

Akwai wanda likitoci suka gwada, sunansa minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne. A 1988 hukuma a Amurka ta yarda a riƙa shafa shi a ka. Ya fi amfani ga wanda sanƙonsa ya soma yanzu, musamman a tsakar ka. Inda fata ta daɗe da yin sumul, gashi ba ya komowa. Ba kowa yake yi wa aiki ba.

Yadda ake shafawa

1. A tsane kai sarai, a shafa mililita 1 safe da yamma. Ƙari ba ya gaggauta tsiro.
2. A wanke hannu. Kada ya shiga ido.
3. A yi haƙuri wata 4 zuwa 6. Da fari gashi kan ƙara zuba, kada a tsorata.
4. Wanda ya bari, gashin da ya samu zai zube cikin wata 3 ko 4. Saboda haka a duba aljihu tukuna.

Hattara!

Kada a shafa a kan rauni, ko nan take bayan wanzami ya yi aski. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita. In an ji jiri, ko bugun zuciya, ko kumburin ƙafa, a bari, a tafi Babban Asibitin Tambuwal ko ɗakin shan magani mafi kusa. A ɓoye kwalbar, gama yaro in ya sha, ransa na cikin haɗari. Kada a sayi haɗin kasuwa wanda ba shi da lambar NAFDAC.

Yaro mai tabo a ka, da ƙaiƙayi da ɓawo, ba sanƙo gare shi ba. Galibi makero ne, yana yaɗuwa ta aska da mataji, maganinsa kuwa na sha ne. A kai shi asibiti.

Ku tuna: sanƙo ba ya kisa, amma maganin da ba a san asalinsa ba yana iya ƙone fatar kai.