Mantiƙi a Bakin Kogin Binuwai

Ɗalibin Garwa mai son ƙwarewa a mantiƙi, hirar masunta ta ishe shi atisaye.

Ya ɗauki maganarsu: in an saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai zai cika. Ya kira sakin ruwa P, cikar kogi Q, ya rubuta P → Q. In P ta tabbata, Q ta biyo baya. In kogi bai cika ba, to ba a saki ruwa ba.

Amma ya kiyayi tarko: cikar kogi ba ta nuna an buɗe Lagdo, domin kogin Mayo Kebbi ma yana kawo wa Binuwai ruwa bayan madatsar. Ya zana jadawali mai layi 4; layin da P ƙarya, Q gaskiya, shi zai tona kuskuren.