Bar wa Yaron Nan Darensa

'Yata, na san abin da ke hana ki rintsawa. Ƙarfe ɗaya na dare, unguwa ta yi tsit, shi kuwa yaronki idonsa biyu, yana kai da komo tsakanin ƙofa da gado, yana kaɗa hannu. Ba ke kaɗai ba ce. Bincike iri-iri ya nuna kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suna fama da matsalar barci.

Ki fara sauke wani nauyi daga zuciyarki. Idan wata ta ce fitilar ɗakinki ko wayar da kika riƙa dannawa lokacin goyon ciki ce ta jawo masa, kada ki ɗauka. Masana suna duba batun hasken dare ga mai ciki, amma ba su tabbatar da cewa shi ke haddasa lalurar ba. Abin da ya fi ƙarfi a cikinta gado ne, kuma Allah ne Mai tsara halittarsa. Sai dai haske yana iya ƙara wa yaron wahala, nan kuwa kina da abin yi.

Can cikin ƙwaƙwalwa Allah Ya sa wani agogo, ido ne ke saita shi. Idan duhu ya shiga, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna melatonin, shi ke shaida wa gaɓoɓi cewa dare ya yi. Farin haske mai ratsin shuɗi, irin na fuskar waya da fararen ƙwayayen sola, shi ya fi danne shi. Ba ƙaramin ilimi ba ne, don a 2017 Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel saboda gano yadda agogon jiki ke aiki, kuma a jikin ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace suka gano shi.

To ga inda abin ya shafi ɗanki. A 2008 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa sun ruwaito cewa da yawa daga masu wannan lalura melatonin ɗinsu bai kai na sauran mutane ba. Ga shi kuma idon yaro ya fi na babba shan haske: a Jami'ar Colorado ta Amurka an sa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 cikin haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin kwanciya, sinadarin ya ragu da kusan kashi 88 cikin ɗari. Wanda ɗan guzurinsa dama kaɗan ne, ina ga an ƙara yi masa kwasa?

Na san dalilin da ya sa kike miƙa masa waya. Ita ce ke sa ya yi shiru ki samu ki kammala wanke-wanke, ban kuwa ga laifinki ba. Amma shirun ƙarfe tara shi kike biya da ƙarfe biyu. Kada ki fizge ta dare ɗaya, yaran nan ba sa son a sauya musu al'ada bagatatan. Ki riƙa janye lokacin kaɗan-kaɗan, har ya zama daga sallar isha'i babu waya, babu talabijin. Wanka, addu'a, shafa bayansa idan yana yarda a taɓa shi, kullum a jere ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan yana tsoron duhu, ki sa ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa ko ja, a ƙasa, nesa da fuskarsa. Ki kuma kashe makunnin ɗaki kafin ku kwanta, don kada a kawo wuta tsakar dare ƙwai ya haske masa ido. Ki gaya wa maigidanki ma, wayarsa ba ta fi taki tsarki ba.

Rabin aikin da safe yake. Ko ya kwana bai yi barci sosai ba, ki tashe shi a lokacin da aka saba, ki fito da shi tsakar gida ya sha hantsi yana karin kumallo. Hasken safiya ne ke dawo da agogon kan hanya. Barcin bayan la'asar kuwa ki rage shi.

Idan makonni sun wuce babu sauyi, ku je asibiti. Wani lokaci ciwon ciki ne, ko taurin bayan gida, ko farfaɗiya, yaron kuma ba ya iya faɗa. Akwai melatonin na sha, a Turai ma tun 2018 aka amince da wani nau'insa musamman don irin waɗannan yara daga shekara 2 zuwa 18. Amma likita ne zai yanke ko ya dace da shi da kuma adadin da zai sha. Kada ki saya a kemis don maƙwabciya ta ce ya yi wa nata aiki.