Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake kallon mazari da sanin irinsa?

Mazari ƙwaro ne da rayuwarsa ke farawa a ruwa. Macen kan zuba ƙwai a tafki ko rafi, ɗan kuma ya yi watanni, wani irin har shekaru, a ƙarƙashin ruwa yana farautar 'ya'yan sauro da talibambam. In ya ƙosa sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, babba ya fito ya shanya fukafukai. Busasshen ɓawon yakan rage manne da karan, shaidar cewa a wannan ruwan aka ƙyanƙyashe shi.

Masana sun san kusan iri 6,000, a gida biyu. Babban mazari kakkaura ne, idanunsa galibi a haɗe, kuma in ya sauka fukafukansa huɗu a buɗe suke. Ƙaramin siriri ne kamar tsinke, idanu a rabe, yakan naɗe fukafukai a bayansa.

Mai son kallonsu ya nufi bakin ruwa da hantsi, rana ta buɗe, musamman da damina. Gaggawa ba ta da amfani, domin namiji kan tsare wurinsa, ya kori abokin gaba, ya dawo kan reshen da ya bari. A zauna kusa da reshen, kada inuwa ta faɗa masa, a ɗauki hoto da waya, a rubuta wuri da kwanan wata. Manhajar iNaturalist na taimakawa wajen gane iri.

Mai tambaya ya kwantar da hankalinsa, mazari ba ya harbi.